Kuɗin dako: Inda sabbin masu saida kaya ta intanet ke tafka asara

Ɗaya daga cikin matsalolin da ke fara cin jarin sabon ɗan kasuwa a intanet ita ce ta kuɗin aika manyan kaya, irin su katifa da matasan kai da kujeru.

Sau da yawa mai kaya kan ɗora hajarsa bisa sikeli, ya ga ba ta da nauyi, ya yanke wa mai saye kuɗin dako, sai ya je ofishin kamfanin aike ya tarar da kuɗin ya ninka abin da ya karɓa.

Yadda ake lissafin

Dalili kuwa shi ne kamfanonin ba nauyi kaɗai suke saidawa ba, har da gurbin da kaya zai cinye a cikin jirgi ko mota.

Don haka sukan auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, su ninka su, sannan su raba da wani adadi. Kamfanoni irin su DHL da FedEx da UPS kan raba da 5,000 a aike tsakanin ƙasashe, yayin da a jigilar kaya ta jirgin sama aka saba rabawa da 6,000.

Abin da ya fito shi ne nauyin girma. Sai a gwada shi da nauyin sikeli, a caji wanda ya fi yawa.

Misali, kwali mai tsawon santimita 60 da faɗin 50 da tsayin 40 zai ba da 120,000. In aka raba da 5,000 ya zama kilo 24.

Ke nan ko da matasan kai ne a ciki, waɗanda ba su wuce kilo 5 ba, kuɗin kilo 24 za a biya. Kuma kwalin ake aunawa daga waje, ba hajar ba, wanda ke nufin duk sararin da aka bari a ciki kuɗi ne.

A Amurka, zuwa farkon shekarar 2015 FedEx da UPS sun faɗaɗa wannan tsari ya shafi dukkan ƙunshin da suke kaiwa ta mota, bayan da cinikin intanet ya cika motocinsu da manyan kwalaye marasa nauyi.

Akwai kuma ƙarin caji kan kayan da tsawonsu ya zarce ƙa'ida, da na man fetur, da na kai kaya ƙauyuka masu nisa.

A Najeriya ma, inda da yawa ke talla a Facebook da WhatsApp su aika ta tashar mota, direba girman kaya yake dubawa, domin katifa guda na iya cinye gurbin buhuna da dama. Kuɗin sufuri kuma ya tashi ƙwarai bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

In an riga an yi kuskuren

Idan giɓin kaɗan ne, abin da ya fi shi ne mai kaya ya cika daga aljihunsa, ya aika kayan, ya gyara farashin nan take kafin wani ya sake saye. Ga sabon ɗan kasuwa, shaidar masu saye na farko ta fi ribar ciniki guda daraja.

Idan kuwa asarar ta fi ƙarfinsa, sai ya faɗa wa mai saye gaskiya tun kafin kayan su tashi, ya nuna masa takardar farashin kamfanin, ya ba shi zaɓi: hanya mai rahusa ko da za ta ɗauki kwanaki, ko ya zo ya ɗauka da kansa, ko a mayar masa da kuɗinsa cif.

Sai dai a kula da dokar dandalin. A eBay, alal misali, ba a yarda mai kaya ya ƙara kuɗin aike bayan an kammala ciniki ba, kuma soke ciniki bisa laifinsa kan rage masa matsayi.

Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne a yi shiru, sai kaya sun isa a ce mai saye ya biya ciko.

Rage girman kaya

Kafin a sa talla, ya kamata a ɗaure hajar kamar yadda za ta tafi, a auna, a nemi farashi daga kamfani biyu ko uku har zuwa gari mafi nisa. Kai kaya daga Kano zuwa Kaduna daban yake da kai su Legas, mai nisan kimanin kilomita 1,000.

Dabarar rage girma tsohuwa ce. Tun a shekarun 1950 kamfanin IKEA na Sweden ya fara cire ƙafafun teburi yana shimfiɗa su a kwali, mai saye ya haɗa a gida.

Haka masu saida tim-tim na fata daga Maroko kan aika shi ba tare da cikon ba, a naɗe kamar riga. Matasan kai da barguna kuwa akan zuƙe musu iska a cikin leda, su koma ƙasa da rabin girmansu.