Wa Ke Ɗauke da Nauyin Shugabanci? Mutuwar Optimus Prime da Halin Gwarzo da Kabo

Mujallar labarin zane ta Transformers, wadda kamfanin Marvel na Amurka ya fara bugawa a 1984, labarin yaƙin basasa ce. Wasu butum-butumin ƙarfe ne masu rai da hankali, 'yan wata duniya da ake kira Cybertron, suka dare gida biyu: Autobots a bayan Optimus Prime, Decepticons a bayan Megatron. Da yaƙin ya cinye duniyarsu sai suka kwaso shi zuwa tamu, inda suke rikiɗa su zama motoci da jirage da bindigogi don su ɓad da kama. Tun farko fitowa huɗu aka shirya yi, kasuwa ta karɓa, aka kai 80 kafin a tsaya a 1991. Wannan maƙala fitowa ɗaya za ta duba, ta 24, mai kwanan watan Janairun 1987, wadda Bob Budiansky ya rubuta. Da'awata ita ce labarin ya ɗora nauyin shugabanci a inda ba nan yake ba, kuma abin da ya faru da ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo na jihar Kano tsakanin 2019 da 2024 ya isa ya nuna inda nauyin yake sauka.

Ga abin da ke cikin fitowar. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan wata na'ura da ke samar da makamashi daga teku. Don kada faɗa ya rusa wurin, wani masanin kwamfuta mai suna Ethan Zachary ya kawo shawarar a yi karon a cikin wasan kwamfuta, aka kuma gindaya sharaɗin a ɗaura wa kowane shugaba nakiya, wanda aka kayar a wasan a tarwatsa shi a zahiri. Aka amince. Megatron ya yi maguɗi, ya dawo cikin wasan bayan an fitar da shi. Duk da haka Optimus ya sake kayar da shi, sai dai dabarar da ya yi ta halaka wasu daga cikin mazauna duniyar wasan, halittun da babu su sai a cikin na'ura. Nan Optimus ya ce shi ne ya faɗi, domin ya sayi nasara da rayukan waɗanda ba su ji ba su gani ba, abin da ya haramta wa kansa. Ya matsa wa Zachary ya danna maɓallin. Aka tarwatsa shi, mai maguɗi ya tafi da na'urar.

Kada mu yi gaggawar yi wa wannan dariya. Shugaban da ke hukunta kansa a kan laifin da babu mai tuhumarsa da shi, alhali hatta abokin gaba ya fi shi laifi, ba ƙaramin abu ba ne, musamman a ƙasar da ba kasafai ake jin mai muƙami ya ajiye don kunya ba. Optimus ya gane cewa hannun da ya saba sadaukar da raunana a wasa ba zai yi nauyi ba ranar da abin ya zama gaske. Har nan ina tare da shi.

Inda muka rabu shi ne hukuncin da ya yanke. Rayuwar da ya bayar ba tasa ba ce shi kaɗai, kuma mujallar da kanta ta nuna haka a labaran da suka biyo baya. A fitowa ta 27 Autobots suka naɗa Grimlock, jarumi mai ƙarfin tsiya da gajeren haƙuri. Ya ɗora kambi a kansa, ya daina damuwa da rayukan 'yan Adam, mulkinsa ya yi tsanani har mayaƙa biyu, Blaster da Goldbug, suka gudu suka bar rundunar. Wato Optimus ya wanke hannunsa daga jinin halittun wasa, ya bar mabiyansa da mutanen duniya na gaske a hannun wanda ba ya ganin jini a bakin komai. Ya fita da zuciya fara, wasu suka biya kuɗin.

Tarihinmu yana da mutumin da ya tsaya a irin wannan mararraba ya bi wata hanya dabam. Wajajen 1806 zuwa 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma ɗaya daga manyan jagororin yaƙi, ya ga abin da ya ɓata masa rai a cikin jama'arsa: son duniya, neman muƙami, tara dukiya. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, kamar yadda ya ba da labari da kansa a Tazyinul Waraƙat. Da ya iso Kano mutanen gari suka tare shi, suka nemi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya tsaya, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, daga bisani ya koma wurin Shehu. Ƙyamar da ta kore shi ba ta kasa ta Optimus ba. Bambancin shi ne da aka tuna masa akwai mutanen da tafiyarsa za ta bari cikin duhu, sai ya mai da ƙyamar ta zama littafin ƙa'idojin mulki, ya koma bakin aiki. Tun kafin shi, a ƙarshen ƙarni na 15, nasihar da Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ta yi ta nanata haɗarin sarki ya shamakance kansa daga talakawansa. A wannan fahimta shugabanci amana ce, kuma mai riƙon amana ba ya ajiye ta a bakin hanya don ransa ya ɓaci.

Akwai kuma wani abu da mai karanta mujallar ba zai gani a cikin zanen ba. Transformers kayan wasan yara ne kafin su zama labari. Kamfanin Hasbro ne ya samo su daga Takara na Japan, ya sa aka ƙirƙira musu suna da tarihi don a sayar. Da lokacin fito da sababbin kaya ya yi, sai aka share tsofaffi: a fim ɗin 1986 ma an kashe Optimus, shugabanci ya koma hannun Hot Rod, wanda ya zama Rodimus Prime. Da aka sake buƙatarsa a kasuwa, sai a mujallar aka tuna Zachary ya adana hankalinsa a faifan kwamfuta, aka dawo da shi a fitowa ta 42 da sabon jiki. Duk wannan fama da zuciya da muka gani, wani hannu ne daga wajen labarin ya riga ya yanke yadda za ta ƙare.

Wannan hannun na waje, mutanen yammacin Kano sun san shi. A watan Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiri masarautun Bichi, Rano, Gaya da Karaye. Gwarzo da Kabo, waɗanda hakimansu ke kai gaisuwa Gidan Rumfa, suka wayi gari a ƙarƙashin Karaye. A watan Nuwamba babbar kotun jiha ta soke dokar bisa hujjar ba a bi ƙa'ida wajen yin ta ba, a Disamba majalisa ta sake yin wata. Ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, aka naɗa Aminu Ado Bayero. Ranar 23 ga Mayu 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe sababbin masarautun, aka dawo da Sanusi. Kwana biyu bayan haka Aminu Ado ya dawo gari ya sauka a fadar Nasarawa, magana ta koma kotu. A watan Yuli aka sake kafa Karaye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, amma da ƙananan hukumomi biyu kacal, Karaye da Rogo. Gwarzo da Kabo suka koma Kano, Kanon da a lokacin mutum biyu ke amsa sunan sarkinta. Ba wannan ne karo na farko ba: Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar Karaye da wasu a 1981, Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya mai da su yadda suke a 1983.

Ba aikin wannan maƙala ba ne ta ce wace doka ce daidai. Masu goyon bayan ta 2019 suna da hujjarsu, ta kusanto da fada ga mutanen karkara da farfaɗo da tsofaffin sarautu. Masu goyon bayan ta 2024 suna da tasu, ta haɗin kan masarauta mai dogon tarihi. Abin lura shi ne duk surutun da aka yi a rediyo da Facebook a kan sarakuna ne: wa aka zalunta, wa ya yi haƙuri, wa ya nuna dattako, wa zai yi hawan Sallah. Irin kallon da mujallar ta yi ke nan, ido a kan fuskar shugaba, ana auna baƙin cikinsa.

A sauko ƙasa a duba. Tun da aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, Rimi kuma ya soke haraji da jangali, ikon tilastawa ya fita daga hannun masu rawani. Tsarin mulkin 1999 bai ware musu wani aiki ba. Amma aikin bai tafi ba. Dagaci a ƙasar Getso ko mai unguwa a Garo shi ne shaidar cinikin gona. Shi ake tasa da dare idan shanu sun shiga dawa. Shi ke sanin baƙon da ya sauka, shi ke shiga gaba lokacin rigakafin shan inna don magidanta su buɗe ƙofa, shi ke zaunar da 'yan'uwa kafin rigimar gado ta kai gaban alƙali. Ba shi da ɗan sanda, ba shi da kasafin kuɗi. Jarinsa ɗaya ne: mutane sun yarda cewa bayansa akwai hakimi, bayan hakimi akwai sarki, kuma wannan igiya ba ta tsinkewa don an yi zaɓe.

Ita wannan yarda ce ake taɓawa duk lokacin da aka sauya doka cikin 'yan kwanaki. Mai rawanin da ya yi mubaya'a a Kano, ya sake yi a Karaye, ya kuma komawa Kano cikin shekara biyar, da wane ido wanda ya yanke wa hukunci a kan iyakar gona zai dube shi? Mai ƙaramin wayo ma ya san zai iya jira, wata gwamnati ta zo, rawani ya sauya kai, a tayar da maganar. An ce sarki goma zamani goma, amma manomin da ke son ya san gonarsa tasa ce kafin damina ba zai iya jiran zamani ya daidaita ba. Shi kuwa dagacin ba shi da damar da Optimus ya samu. Ba zai tashi tsakiyar sasanta manomi da makiyayi ya ce zuciyarsa ba ta natsu da wanda aka ce shi ne sarkinsa ba, don haka ya sauka. Idan ya sauka, faɗan yana nan, gobe ma a ƙofarsa za a taru.

Wani zai ce ai ana kwatanta abin da bai kwatantu ba: can yaƙi ne da makami, nan doka ce da majalisa da kotu, kuma majalisar zaɓaɓɓiya ce. Gaskiya ne, kuma alheri ne babba. Kano ta ɗanɗani ɗaya hanyar a Basasar 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukur da Yusufawa, ba mai fatan a koma. Sai dai kasancewar majalisa zaɓaɓɓiya yana ƙara mata nauyi ne, ba ya rage shi. Kuma ba za a ce yankin ba shi da murya a sama ba. Gwarzo ta fitar da mataimakan gwamna: Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo daga 2007 zuwa 2011, da Aminu Abdussalam Gwarzo da aka rantsar a 2023. Murtala Sule Garo, ɗan ƙasar Kabo, shi ne ɗan takarar mataimakin gwamna na APC a zaɓen 2023. Yanki mai manya a kowane ɓangare na siyasar jihar, amma sau biyu aka sauya masa sarki cikin gaggawar da ba ta bar lokacin tambayar mutanensa ba.

Saboda haka hukuncina a kan fitowa ta 24 shi ne: Optimus ya yi daidai da ya kira abin da ya yi laifi, ya yi kuskure da ya ɗauka shi kaɗai zai biya. Masu nazarin sarauta a jami'o'inmu, musamman Bayero, sun rubuta da yawa a kan fadar Kano. Ya kamata a samu masu zuwa Gwarzo da Kabo su tattara daga bakin dagatai da masu unguwanni yadda shekarun 2019 zuwa 2024 suka shafi shari'ar gona da sasanci, tun waɗanda suka gani da ido suna raye. Su kuma 'yan majalisar jiha masu wakiltar ƙananan hukumomin biyu, ko wace jam'iyya suke, duk ranar da aka sake kawo ƙudurin masarautu su ƙi ɗaga hannu sai an zauna jin ra'ayin jama'a a garin Gwarzo da garin Kabo.