TARIHIN WUƘA DA BINDIGA A HANNUN BAHAUSHEN KURMI

'Yan'uwa mazauna Sabo da Zango da sauran unguwannin Hausawa na nan ƙasar Kurmi, a 'yan shekarun nan samarinmu sun tsiri kallon waɗansu hotuna a wayoyinsu, inda za ka ga Ba'amurke ya zazzage aljihunsa a kan tebur yana nuna wa duniya kayan da yake fita da su kullum, watau ƙaramar bindiga, da wuƙa mai naɗewa, da tocila, da alabe, da makullai. Abin yana burge yaranmu ƙwarai, har ka ji suna musu a kan wace ƙira ce ta fi wata kyau. To, su mutanen Amurka da tarihinsu suke tafiya. Tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba su 'yancin riƙe makami, a 1836 wani mai suna Samuel Colt ya yi rajistar libarbar da ta yi suna a duniya, sa'an nan a 2008 Kotun Ƙolinsu ta tabbatar cewa mutum yana da ikon ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kansa. Fiye da rabin jihohinsu 50 ma sun yarda baligi ya fita da ita a ƙugu ba tare da neman lasin ba. Mu kuwa tamu hanyar dabam ce, kuma ya kamata yaron da aka haifa a Ikko ko Badun ko Anacha ya san ta.

Bari mu fara da wuƙa, domin ta girmi bindiga nesa ba kusa ba. A da can, Bahaushe matafiyi ba ya rabuwa da ita. Maƙeri ya ƙera, baduku ya ɗinka mata kube na jar fata, mai ita ya ɗaura a damtse ko ya soke a ƙugu ƙarƙashin riga. Da ita zai yanka guzuri, ya gyara igiyar jaki, ya fere asawaki, ya yanka kaza in ya sauka a zango. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya cikin ayari ƙarƙashin madugu, ga 'yan fashi ga namun daji, saboda haka ban da wuƙa akwai takobi da mashi da kwari da baka. Abin mamaki shi ne yawancin ruwan takubban nan daga Turai suke zuwa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya shiga Kano a 1851 ya kiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a shekara daga garin Solingen na ƙasarsu, ta hanyar Sahara. A Kano ake yi musu ƙota da kube, daga nan su bazu ko'ina. Ashe ke nan son ƙarfen waje ba yau ya fara ba.

Ita kuwa bindiga baƙuwa ce, ko sunanta ma daga Larabci muka aro shi, watau bunduƙiyya. Borno ce ta riga mu saninta sosai, don Mai Idris Aloma yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarshen ƙarni na 16. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Duk da haka ba ta zama makamin kowa da kowa ba. Doki da baka su ne ƙarfin yaƙi a ƙasar Hausa, a yaƙin Tafkin Kwatto na 1804 ma maharba ne suka yi aiki. Sarakuna sukan ba bayinsu amintattu bindiga su riƙe, su ne kakannin 'yan bindigar da muke gani suna ta da ƙura da hayaƙi a hawan salla.

A nan Kurmi ne bindiga ta yi kaka-gida, saboda kusa da teku. Irin wadda muke kira bindigar toka, ko harba-ka-ruga, Turawa suna danganta sunanta da mutanen Denmark, waɗanda suke da gidan ciniki a Osu cikin Ankara ta ƙasar Gana har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila. Daga baya yawancinta a Birmingham ta Ingila da Liege ta Beljiyam ake ƙera ta, takanas don kasuwar Afirka, da ƙarfe mai araha. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da sanda, ƙanƙara ta ƙyasta wuta. In damina ta jiƙa albarushin shi ke nan ta zama sanda, in kuma an cika mata ciki ta fashe a hannun mai ita. Duk wanda ya harba sau ɗaya sai ya ja da baya ya sake ɗuri, kun ji inda sunan harba-ka-ruga ya samo asali. To amma da wannan abar ce Yarbawa suka yi kusan shekara ɗari suna yaƙi a tsakaninsu. Mutanen Ijebu da Egba su ke riƙe da hanyar teku, duk ranar da suka ga dama sai su rufe wa Badun hanyar albarushi. A yaƙin Kiriji da aka yi daga 1877 zuwa 1893, mutanen Ekiti da Ijesha sun samu sababbin bindigogi ƙirar Snider ta hannun 'yan'uwansu da ke Ikko, masu ɗuri ta baya da nisan zango, abin da ya hana Badun cin nasara duk da yawan mayaƙanta.

A tsakiyar wannan hargitsi ne Bahaushe ya shiga labarin, ta wata ƙofa da ba kowa ke son tunawa da ita ba. A 1857 jirgin ruwan wani hafsan Ingila, John Glover, ya farfashe a Kwara kusa da Jebba, ya biyo ƙasa zuwa Ikko. A hanya ya ga Hausawa da yawa da aka kamo aka sayar cikin bauta a ƙasar Yarbawa. Bayan Ingila ta karɓe Ikko a 1861, sai ya tara irin waɗannan mutane da suka gudo daga iyayen gijinsu, ya ba su kaki da bindiga a 1863. Rundunar sojan Nijeriya ta yau daga wannan ƙaramar ƙungiya take lissafin asalinta, kuma ta ce da mutum 18 aka fara. Ku duba fa, mutumin da jiya yake da mari a ƙafa yau ga shi da bindigar Sarauniya a kafaɗa, wanda ya saye shi kuwa ba shi da ikon ya taɓa shi. Ni ban ga laifin wanda ya zaɓi kaki a kan mari ba. Sai dai abin da ya biyo baya yana da nauyi.

A 1865 Glover ya yi amfani da su wajen korar Egba daga Ikorodu. A 1873 ya kwashe su zuwa yaƙin Ashanti, da yawa daga cikinsu suka zauna can, suka ƙara wa zangunan ƙasar Gana yawa. A watan Mayu na 1892 kuma, zamanin Gwamna Carter, sojojin Hausa na Ikko da na Gana suna gaba a yaƙin Imagbon, inda rundunar da ba ta kai mutum dubu ba ta tarwatsa dubban mayaƙan Ijebu cikin yini ɗaya, saboda tana da bindiga mai ruwa ƙirar Maxim. Daga nan hanyar Ijebu ta buɗe, ita ce kuwa hanyar da 'yan goronmu suka bi daga baya har suka kafa Sabon Shagamu. Haka aka yi a Binin a 1897. Sa'an nan bakin bindigar ya juya Arewa: Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ran 15 ga Maris, a Burmi kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ran 27 ga Yuli. Turawan da ke cikin rundunar 'yan kaɗan ne, su ke rataye da libarba ƙirar Webley suna ba da umarni. Masu harbin yawancinsu Hausawa ne da Yarbawa. Tsofaffin sojojin nan suna cikin waɗanda suka fara zama a Obalende. Don haka in ka ji wani dattijo a nan yana kallon Bahaushe da idon soja ko ɗan doka, abin yana da tushe, ko da yake goro da shanu ne suka kawo akasarinmu.

Wani abu da ya kamata a lura da shi shi ne dalilin da ya sa bindigar toka ta wanzu har yau. A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Brussels, suka sa hannu a yarjejeniyar hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, amma suka bar ƙofa a buɗe ga mai ɗuri ta baki da albarushin kasuwa. Sun ce don hana cinikin bayi ne. Ko ma mene ne dalilin, sakamakon a fili yake: gwamnati ta riƙe mai kyau, talaka ya riƙe ta harbin gada da gafiya. Maƙeran gida, irin na Awka da na garuruwanmu, suka koyi gyaranta, daga baya suka koyi ƙera ta ɗungurungum.

Jirgin ƙasa ne ya sauke wa fatake makamai. Dogo ya iso Badun a 1901, a 1912 kuma jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Da aka kafa Sabon Badun a 1916, tsaron ɗan kasuwa ya koma hannun maigida mai masauki da Sarkin Hausawa. Takobi ya hau bango. Wuƙa kuwa ta tsaya a matsayin kayan sana'a, a hannun mahauci da mai tsire, kamar yadda aska take a zabirar wanzami.

Dokar da ke aiki yanzu ta samo asali ne daga 1959, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, a ciki akwai bindigar soja da mai ruwa, har da libarba da kowace irin ƙaramar bindiga. Samari ku ji da kyau, watau abin da Ba'amurken nan yake nuna muku a waya, a nan yana sahu ɗaya da makamin yaƙi. Kashi na biyu, irin bindigar harbin tsuntsu da ta farauta, lasinsa yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku ita ce bindigar toka, wadda Kwamishinan 'yan sandan jiha ke da iko a kanta. Bayan yaƙin basasa makamai sun yi yawa a hannun mutane, fashi ya ƙaru, gwamnatin soja ta kafa dokar kisa a 1970, aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a Bar Beach, ciki har da Ishola Oyenusi a 1971. Dokar 1984 ta ƙara tsanani: wanda aka kama da bindiga ba lasin, tarar Naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. Dokar nan ba ta bar wuƙa ba, ta lissafa ta tare da adda da mashi da kwari da baka cikin makamai, kuma wanda ya yi fashi da ita hukuncinsa ɗaya da mai bindiga. Mahauci da ke hanyar mayanka da wuƙaƙensa a naɗe cikin buhu ba shi da abin tsoro a doka. Yaron da ya soke wuƙa a ƙugu ya tafi kallon ƙwallo, shi in an tsare shi a shinge me zai ce?

Mun kuma ga yadda ƙaramin abu ke zama babba in rikici ya tashi, a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha a 2021. A irin wannan rana kowane ƙarfe da aka gani a hannun baƙo sai ya zama hujja a kan unguwa baki ɗaya.

Mafi ciwo shi ne abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura 'yan kwanaki Ƙaramar Salla. Waɗansu mafarauta sun taso daga Jihar Ribas cikin babbar mota za su gida Kano, 'yan banga suka tsare su, suka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya kashe mutum 16. Babu wata doka a ƙasar nan da ta ba ɗan banga ko ɗan gari ikon yanke wa mutum hukunci, ko da lasin ko babu, aikinsa ya miƙa shi caji ofis. Bindigar da aka gani kuwa ita ce dai wadda maharban Edo da na Yarbawa suke shiga daji da ita kullum. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya dakatar da shugaban rundunar tsaron jihar, ya kuma je Kano ta'aziyya, har ƙauyen Torankawa na Ƙaramar Hukumar Bunkure inda da yawa daga cikin mamatan suka fito. Tun da ikon bindigar toka na Kwamishinan kowace jiha ne, mafaraucin da zai ratsa jihohi da ita ya fara biyawa ta wurin Sarkin Hausawan garin da yake, a kai shi ga 'yan sanda, a rubuta sunansa da adadin bindigogin da inda za shi, kafin ya hau mota.