Daga Uzuakoli Zuwa Babbar Ruga: Tarihin Yaƙi Da Kuturta

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san yadda ake ƙyamar kuturu: kwanonsa daban, tabarmarsa daban, wani lokaci har matarsa a raba shi da ita. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san hanyar da maganin wannan cuta ya biyo kafin ya iso garuruwanmu.

Cocin Metodis ya shigo Nijeriya ne a 1842, lokacin da Thomas Birch Freeman ya sauka a Badagry. Ƙarfinsa a Kudu yake. A 1932 ne 'yan wannan coci suka buɗe sansanin kutare a Uzuakoli, cikin Jihar Abiya ta yanzu. A can kutare suka sami gonaki da makaranta da sana'a, aka ɗauke su mutane kamar kowa.

A nan Arewa kuwa, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, En'e ta damƙa sansanin Babbar Ruga a hannun mishan ɗin SIM a 1937. Nan ne kutaren Lardin Katsina suka riƙa dosa. Maganin wancan lokaci shi ne allurar man wata itaciya daga Indiya, ga zafi ga ƙarancin amfani.

Sauƙi ya zo ne daga Uzuakoli. A ƙarshen shekarun 1940, Dokta John Lowe ya gwada ƙwayar dafson, ya tabbatar cewa idan aka rage yawanta za a iya haɗiyarta lafiya, ga ta da araha. Daga nan ba dole ba ne majinyaci ya bar iyalinsa. A shekarun 1950 aka fara raba ƙwayar a ƙananan asibitocin karkara na Arewa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su.

Ashe alherin da Kirista ya shuka a ƙasar Ibo ya warkar da Musulmi da Bamaguje a ƙasar Katsina. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Cutar ta sami magani, saura ƙyamar. Mu da muka yi boko, haƙƙinmu ne mu gaya wa dangi cewa wanda ya ga tabo a fatarsa da ba ya jin taɓi ya garzaya asibiti tun yatsu ba su gutsure ba.