Gidan Ma'aji da Ya Fi na Sarki: Tarihin Vaux-le-Vicomte

A karkarar Maincy, kusa da garin Melun, kimanin kilomita 55 kudu maso gabas da birnin Paris, akwai wani katafaren gida mai suna Vaux-le-Vicomte. Wanda ya gina shi, Nicolas Fouquet, shi ne ma'ajin Sarkin Faransa Louis na 14. An yi babban aikin ginin tsakanin 1658 da 1661, kuma sai da aka tashi ƙauyuka uku kafin fili ya wadata.

Gwanaye uku ma'ajin ya haɗa: Louis Le Vau magini, Charles Le Brun mai zane da ƙawa, sai André Le Nôtre mai tsara lambu. Sun ɗora gidan bisa dandamali, suka kewaye shi da gwalalo mai ruwa, ba don tsoron hari ba, sai don ƙarin kwarjini. Da sassaƙaƙƙen dutse aka gina uwar gidan, sassan barori da bargar dawaki kuwa aka haɗa da jan bulo, ta yadda tun daga ƙofa baƙo zai gane inda daraja take.

A wancan zamani, an saba jera ɗakunan irin waɗannan gidaje sahu ɗaya. Le Vau ya yi sahu biyu, ɗaya na duban farfajiya, ɗaya na duban lambu. Daga zauren shiga ana faɗawa babban zaure mai siffar ƙwai, wanda ƙubbarsa ta kai tsawon mita 18. Daga nan ido ke miƙewa cikin lambu mai faɗin hekta 33. An kuma keɓe wa Sarki sashe guda, amma bai taɓa kwana cikinsa ba.

Ranar 17 ga Agusta 1661 Fouquet ya yi wa Sarki gagarumar liyafa. Bai san cewa tuni Colbert ya kai sukarsa kan dukiyar baitulmali ba, har an yanke shawarar kama shi. Abin da Sarki ya gani ya ƙara masa fushi, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ranar 5 ga Satumba aka kama ma'ajin a Nantes. Alƙalai sun yanke masa kora daga ƙasa, Sarki ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Ya mutu a kurkukun Pignerol a 1680. Gwanayen nan uku kuwa, Sarki ya sa su aikin fadarsa ta Versailles.

Gidan ya yi ta sauya hannu har ya fara lalacewa. A 1875 Alfred Sommier, attajirin sukari, ya saye shi a gwanjo, ya gyara gini da lambu. A 1929 hukuma ta sanya shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, kuma a 1968 zuriyarsa ta buɗe wa jama'a ƙofa. Fouquet bai daɗe a gidan ba, amma har yau da sunansa ake kiran tarihinsa.