Takardun Sardauna: mene ne su, ina suke, kuma wa ke riƙe da su

Takardun Sardauna su ne rubuce-rubucen da Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya bari a bayansa, da waɗanda ofisoshinsa suka tara, tun yana Hakimin Rabah har zuwa 15 ga Janairun 1966, ranar da sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna. Sun ƙunshi wasiƙu da jawabai da fayil-fayil na ofis da bayanan taruka da rahotannin rangadi da hotuna. Ba a tara su a ma'ajiya ɗaya ba. Wasu suna Kaduna, wasu suna Sakkwato, wasu suna Ingila, wasu kuma suna hannun iyalan mutanen da ya yi hulɗa da su. Wannan kashi na ƙarshe shi ne ya fi fuskantar haɗarin ɓacewa, domin babu wani kundi da ya lissafa shi.

Mutumin da ya bar takardun

An haifi Ahmadu Bello a garin Rabah, kusa da Sakkwato. Littattafai sun saɓa kan shekarar, wasu sun ce 1909, wasu 1910. Ta wajen mahaifinsa, shi jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya kammala Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato, sannan aka naɗa shi Hakimin Rabah a 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, amma Abubakar na Uku ne ya samu. Daga nan aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau.

Ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa a 1949, ya zama minista a 1952. A 1954 ya zama shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, kuma Firimiyan Jihar Arewa na farko. Ya riƙe muƙaman biyu har ƙarshen rayuwarsa. A zamaninsa Arewa ta samu mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959, aka kafa Bankin Arewa, aka kafa Jama'atu Nasril Islam, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a watan Oktoban 1962.

Kashi uku na takardun

Mutum ɗaya ne, amma da huluna uku yake rubutu, kuma kowace hula da inda takardunta suke nufa.

Na farko, takardun gwamnati. Waɗannan su ne na Ofishin Firimiya da ma'aikatun da ya riƙe da Majalisar Zartaswa: bayanan da ake gabatar wa majalisa, wasiƙu tsakaninsa da Gwamna da Razdan-Razdan da sarakuna, da umarnin da ake rubutawa a gefen fayil. Mallakar hukuma ne, kuma doka ta tanadi inda za a ajiye su.

Na biyu, takardun jam'iyya: bayanan babban taro, jerin 'yan takara, rahotannin sakatarorin larduna, lissafin kuɗi da takardun yaƙin neman zaɓe. Waɗannan ba na gwamnati ba ne, saboda haka babu ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin kai su ma'ajiya.

Na uku, takardun ƙashin kai: wasiƙun 'yan uwa da abokan karatu na Katsina da malamai, koke-koken talakawa masu neman aiki ko gurbin karatu, da wasiƙun da suka shafi aikin Hajji da hulɗarsa da shugabannin ƙasashen Musulmi. Ana samun su da Turanci da Hausar boko da Larabci da Ajami.

A aikace iyakar da ke tsakanin kashin uku ba ta fita sosai. Hakimi kan rubuto wasiƙa ɗaya ya yi gaisuwa ta zumunci, ya kawo kukan rashin rijiya, ya kuma ba da labarin 'yan adawa a gundumarsa. Shi ya sa mai bincike ba ya wadatuwa da ma'ajiya ɗaya.

Abin da ya warwatsa su

Abubuwa uku ne suka faru cikin ƙasa da shekara biyu. A daren juyin mulki, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu sun buɗe wa gidan Firimiya wuta, gidan ya kama da gobara, aka kashe Sardauna tare da matarsa Hafsatu. Bai samu zama bayan barin mulki ba, balle ya tsara takardunsa ya miƙa su ga wata cibiya. A watan Mayun 1966 gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta rushe jam'iyyun siyasa da dokar soja, NPC ta wayi gari ba ofis ba sakatare. A watan Mayun 1967 kuma Yakubu Gowon ya raba Jihar Arewa gida shida, aka shiga rabon ma'aikata da kadarori da fayil-fayil tsakanin sababbin jihohi. Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma.

Inda ake samun su a yau

Arewa House da ke lamba 1, Titin Rabah, Kaduna, ita ce zangon farko. Tana cikin harabar gidan Firimiya. Ta samo asali ne a 1970 daga kwamitin da aka kafa don rubuta tarihin Arewa, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara shugabantar ta, daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin cibiyar adana takardun tarihi da bincike. Akwai takardun tsohuwar gwamnatin Jihar Arewa da jawabai da tsofaffin jaridu da hotuna da rubuce-rubucen Larabci, da kuma ɗakin nuna kayan tarihin rayuwar Sardauna.

Na biyu ita ce Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, reshen Kaduna. An kafa wannan hukuma a 1954 bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, kuma manyan ofisoshinta suna Ibadan da Enugu da Kaduna. A Kaduna ake samun fayil-fayil na Sakatariyar Lardunan Arewa da na kowane lardi. Na Lardin Sakkwato, waɗanda masu bincike suka sani da alamar SOKPROF, su ne madogara ga mai neman yanayin da Ahmadu Bello ya yi aiki a Rabah da Gusau da majalisar Sarkin Musulmi, kafin siyasar jam'iyya. Dokar da ke tafiyar da hukumar a yanzu ita ce ta 1992, wadda ta buɗe wa jama'a takardun gwamnati da suka kai shekara 25.

Na uku yana Sakkwato: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, wadda aka kafa a 1973. Tana ajiye rubuce-rubucen malaman jihadi da takardun En'e da na lardi da kayan tarihi.

Na huɗu yana Ingila. Ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew, a Landan, tana riƙe da rahotannin da gwamnoni suka riƙa aika wa Ofishin Mulkin Mallaka, da bayanan tarukan tsarin mulki da Sardauna ya halarta a Landan a 1953 da 1957 da 1958. Ɗakin karatu na Bodleian a Jami'ar Oxford kuma yana ajiye takardun ƙashin kai na Turawan mulki da dama da suka yi aiki a Arewa. A nan ana ganin Sardauna ne ta idon Bature, kuma wajibi ne a karanta da wannan a zuciya.

Kason da ke cikin gidaje

Wasiƙa kai biyu gare ta. Kwafin da aka buga da tafireta yana zama a fayil ɗin ofis, asalin takardar kuma yana tafiya hannun wanda aka aika wa. Wasiƙar da aka rubuta da hannu ma sau da yawa ba ta da kwafi ko kaɗan. Saboda haka duk abin da Sardauna ya aika wa hakimi ko alƙali ko malami ko wakilin jam'iyya, a gidan mutumin ya kwana.

Sakkwato ce mahaifar siyasarsa, kuma a tsofaffin unguwanninta, daga Ƙofar Atiku zuwa Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da kewayen fada, zuriyar ma'aikatan En'e da malamai da fadawa da 'yan kasuwar wancan zamani suke zaune har yau. Takardar naɗi, katin jam'iyya, wayar ta'aziyya, hoton tarbar baƙo, ko littafin da wani malamin hakimi yake rubuta abubuwan yau da kullum, duk irin abin da kan kwanta ne a ƙasan adaka ko cikin gafaka. Mai gidan ya san darajarsu. Jikansa da ya gāji ɗakin ba lalle ne ya sani ba.

Ajiye wasiƙa ba baƙon abu ba ne a wannan birni. Gidan Waziri ya riƙe wasiƙun Daular Usmaniyya tun zamanin Waziri Giɗaɗo. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun tarar da wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Daga taskar Waziri Junaidu kuma Murray Last ya ɗebo yawancin hujjojin littafinsa kan daular, wanda ya fito a 1967. Da ba a ajiye ba, da tarihin ƙarni na 19 ya dogara ga ruwayar baki da ta 'yan mulkin mallaka.

Amfaninsu ga mai karatu

Littattafai biyu aka fi komawa gare su kan rayuwar Sardauna: tarihin kansa, My Life, da aka buga a Cambridge a 1962, aka kuma fassara shi da Hausa da sunan Rayuwata, da littafin John Paden wanda kamfanin Hudahuda na Zariya ya buga a 1986. Na farko ya tsaya kafin shekarunsa huɗu na ƙarshe, kuma maganar mai mulki ce a kan kansa. Na biyu ya dogara ƙwarai ga hira da mutanen da suka yi zamani da shi, waɗanda mafi yawansu yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage wa mai son tantancewa shi ne takarda.

Akwai batutuwan da har yau ake ja-in-ja a kansu. Shari'ar jangali ta 1943, inda kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi a Zariya. Dangantakarsa da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati. Yadda hukumomin En'e suka bi da 'yan NEPU da 'yan UMBC. Murabus ɗin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi a 1963. Rangadin musuluntarwa na shekarunsa na ƙarshe. Masoyi da mai suka kowa da ruwayarsa, amma fayil yana nuna ranar da aka yanke shawara, da wanda ya kawo ta, da wanda ya ƙi.

Haka nan maganganu da dama suna yawo a Facebook da WhatsApp da sunan Sardauna, wasu don a yabe shi, wasu don a ɓata shi. Hanyar gane sahihi ita ce a tambayi rana da wuri, sannan a duba kundin muhawarar Majalisar Arewa ko jaridun lokacin, irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen. Gani ya kori ji.

Sai dai takarda ma ba ta faɗin komai. Jawabi da yawa ma'aikata ne suka tsara shi kafin a kai masa. Shawarwari masu nauyi kuma a zaure ake yanke su da baki, bayan sallar isha'i, ba tare da magatakarda ba. Muryar 'yan adawa ba ta cika fitowa a fayil ɗin gwamnati ba sai a matsayin waɗanda ake ƙara, don haka mai adalci yakan haɗa da Gidan Mambayya a Kano, gidan Malam Aminu Kano da ya zama cibiyar bincike ta Jami'ar Bayero.

Yadda ake kiyaye su

Maƙiyan takarda sanannu ne: gara da kyankyaso da ɓera, danshin damina, zafin bazara da ƙurar hunturu, sai gobara. Takardar ofis ta shekarun 1950 tana yin ja ta riƙa karyewa da kanta, ƙarfen da aka maƙale ta da shi kuma yana tsatsa ya ci gefenta. Wani haɗarin shi ne rabon gado da rushe tsohon gini, lokacin da ake share ɗaki a ƙone abin da aka ɗauka shara ne.

Masu aikin adana takardu suna ba da shawarar a cire ƙarfe da roba, a shimfiɗa takarda ba a naɗe ba, a sa ta cikin fayil mai tsabta a wuri busasshe da ya ɗaga daga ƙasa. Kada a liƙa mata salatif, kada a rufe ta da leda mai zafi, domin ba a iya warwarewa. Kada kuma a sake jera tarin takardu yadda aka ga dama, saboda tsarin da mai su ya bari shi ma hujja ne. A ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a rubuta sunan mai ita da yadda ta zo gidan, tun dattawan da suka sani suna raye.

Iyalin da ba su son rabuwa da abin da suka gada ba dole ne su rabu da shi ba. Suna iya riƙe asalin, su ba Hukumar Waziri Junaidu ko Arewa House kwafi, su kuma gindaya sharaɗi kan abin da ya shafi sirrin gida. Hoton Sardauna yana kan takardar naira 200, sunansa yana kan jami'a da tituna da filin wasa. Amma abin da ya rubuta da hannunsa, wani kasonsa yana cikin adakar da mutum ɗaya ko biyu kaɗai suka san da ita.