Wa Zai Biya Mai Gadi? Tarihin Harajin Gidaje da Tsaron Jama'a a Jihar Kalifoniya

Gabatarwa

Duk inda mutane suka taru suka gina gidaje, suka tara dukiya, tilas ne a sami mai gadi, shi kuwa mai gadi ba ya aiki da yunwa. Abin da ya daɗe yana damun masu mulki shi ne, daga aljihun wa za a fitar da ladansa? A ƙasar Amurka, al'adar da aka gada ita ce mai gida ya biya, wato a ƙiyasta darajar gida ko fili ko kanti, a ɗora masa harajin shekara-shekara, da shi a riƙe 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da makarantu. Wannan maƙala za ta bi diddigin abin da ya faru a Kalifoniya, jihar da ta fi kowace jiha ta Amurka yawan jama'a, bayan da mutanenta suka zaftare wannan haraji a shekara ta 1978. Za mu ga cewa kuɗin gadi bai ragu ba, sai dai mai biya ya sauya, mai riƙe da lalita ma ya sauya.

Yadda Aka Faro

Tun a shekara ta 1910 gwamnatin jihar ta tsame hannunta daga harajin gidaje da filaye, ta bar wa ƙananan hukumomi, ita kuma ta koma ga kamfanonin jirgin ƙasa da bankuna da makamantansu. Daga nan kowane birni da kowace gunduma da kowace hukumar makarantu ita ke yanka nata harajin gwargwadon buƙatarta. In mutanen gari suna son ƙarin 'yan sanda, majalisarsu ta ƙara haraji. In suka ga an matsa musu, su kayar da 'yan majalisar a zaɓe. Mai biya da mai kashewa suna ganin juna ido da ido.

A cikin shekarun 1970 sai farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo, haraji kuma ya bi shi a guje, domin da ƙimar gida ake lissafa shi. A lokacin, in an haɗa abin da hukumomi dabam-dabam ke karɓa, mai gida kan biya wajen kashi 2.67 cikin 100 na darajar gidansa kowace shekara. Tsofaffin da suka gama biyan bashin gida, suna zaune a kan ɗan fansho, suka fara tsoron haraji zai fitar da su daga ɗakunan da suka gina da guminsu. Abin da ya ƙara tunzura jama'a shi ne, a daidai wannan lokaci baitulmalin jiha na da rarar kuɗi ta kimanin dala biliyan 5 a ajiye.

Ƙuduri na 13

Tsarin mulkin Kalifoniya, tun daga 1911, ya ba talakawa ikon gabatar da doka da kansu, in sun tara sa hannun mutane isassu, sai a kai ta ƙuri'ar raba-gardama. Wannan ƙofa ce wasu dattawa biyu, Howard Jarvis da Paul Gann, suka bi. Suka tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya, aka sa wa buƙatarsu suna Ƙuduri na 13. Gwamnan jihar na lokacin, Jerry Brown, ya soki ƙudurin, amma ranar 6 ga Yuni, 1978, kusan kashi 65 cikin 100 na masu ƙuri'a suka amince da shi.

Ƙudurin ya ɗaure harajin da igiya huɗu. Na farko, ba zai wuce kashi 1 cikin 100 na ƙimar gida ba, ko'ina a faɗin jihar. Na biyu, an mayar da ƙimar gidaje yadda take a 1975. Na uku, ba za a ƙara wannan ƙima da fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara ba, sai in an sayar da gidan ko an yi sabon gini. Na huɗu, majalisar jiha ba za ta ƙara wani haraji ba sai da yardar kashi biyu cikin uku na wakilanta. Dare ɗaya kuɗin da ƙananan hukumomi ke samu daga gidaje ya faɗi da fiye da rabi.

Lalita ta Koma Hannun Jiha

Akwai wani abu da yawancin masu murna ba su lura da shi ba. Tun da harajin ya zama kashi 1 tak ga kowa, dole a sami mai raba shi tsakanin birni da gunduma da makaranta, ƙudurin kuwa ya bar wannan rabo ga dokar jiha. Ta haka harajin da a da kowane gari ke yanka wa kansa ya zama, a aikace, harajin jiha baki ɗaya, wanda 'yan majalisa a Sakaramento, babban birnin jihar, ke kasaftawa.

A shekarar farko gwamnati ta ɗebi sama da dala biliyan 4 daga rarar nan ta ceto ƙananan hukumomi, bisa sharaɗin cewa kada aikin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana ya gaza yadda yake a shekarar da ta gabata. Saboda haka wuƙar ta faɗa kan ɗakunan karatu da wuraren shaƙatawa da gyaran hanyoyi. A 1979 aka kafa dokar rabo ta dindindin, wadda ta ba kowace hukuma kaso gwargwadon abin da take samu kafin 1978. Garin da ya yi tsimi a da, sai tsiminsa ya zame masa ƙaramin rabo, ko da jama'arsa ta ninka daga baya.

Daga Gida Zuwa Kasuwa

Rara ba ta dawwama. Da tattalin arziki ya karye a farkon shekarun 1990, gwamnatin Pete Wilson ta rasa abin biyan makarantu, sai ta karkatar da harajin gidaje daga birane da gundumomi zuwa asusun ilimi: kimanin dala biliyan 1.3 a 1992, sannan biliyan 2.6 a 1993. Gundumomi, waɗanda ke riƙe da gidajen yari da 'yan sandan karkara da masu gabatar da ƙara, suka yi kururuwa. Jama'a kuma ba su manta da tarzomar Los Angeles ta Afrilun 1992 ba, wadda ta ci rayuka sama da 50. Ana saura kwanaki a yi ƙuri'a, gobarar daji ta cinye ɗaruruwan gidaje a kudancin jihar. Ranar 2 ga Nuwamba, 1993, kashi 58 cikin 100 suka amince da Ƙuduri na 172, wanda ya keɓe harajin ciniki na rabin senti a kan kowace dala domin tsaron jama'a.

An gudu ke nan ba a tsira ba. Harajin gida mai gida ke biya, harajin ciniki kuwa har ɗan haya da lebura suna biyansa duk ranar da suka sayi takalmi ko sabulu. Bugu da ƙari, harajin ciniki kan faɗi da zarar kasuwa ta mutu, a daidai lokacin da aka fi buƙatar mai gadi.

Birnin Stockton, mai mutum wajen 300,000, ya ɗanɗana wannan. Da farashin gidaje ya rushe a 2008, ga bashin gine-gine da alkawuran fansho da shugabanninsa suka ɗauka lokacin wadata, sai birnin ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan sandansa. A 2012 ya shaida wa kotu cewa ya tsiyace, a shekarar kuma aka kashe mutum 71 a cikinsa, adadin da bai taɓa gani ba. Ba shi da ikon taɓa harajin gidaje, don haka a 2013 mutanensa suka ƙara wa kansu harajin ciniki domin ɗaukar 'yan sanda 120.

Gwaji na Ƙarshe

A 2011 Jerry Brown, wanda ya dawo kan mulki, ya sa hannu a wata doka da ta ɗora dala 150 a shekara a kan kowane gidan zama da ke yankunan karkara inda jiha ce ke da alhakin kashe gobarar daji. Wannan shi ne yunƙuri mafi kusa da harajin gida na jiha domin tsaro. Mutanen karkara suka ce an ware su, ƙungiyar masu biyan haraji da ke ɗauke da sunan Jarvis ta garzaya kotu tana cewa haraji ne aka sauya wa suna. A 2017 majalisa ta dakatar da karɓarsa. Haka nan a 2020 masu ƙuri'a suka ƙi wani ƙuduri da ya nemi a riƙa ƙiyasta manyan gine-ginen kasuwanci bisa farashinsu na yanzu.

Kammalawa

Ba za a yi wa Ƙuduri na 13 adalci ba in aka ce bai amfani kowa ba, domin ya bar tsofaffi da yawa a cikin gidajensu, ya kuma sa mai gida ya san abin da zai biya baɗi. Sai dai ya raba mai biya da mai kashewa, ya ɗauke wa gari ikon yanke wa kansa yawan masu gadin da yake so, ya mayar da wani ɓangare na nauyin kan waɗanda ba su da ko taki ɗaya na ƙasa. A nan Nijeriya an daɗe ana muhawara a kan ko jihohi su kafa 'yan sandansu. Kafin a ɗinka kaki, ya kamata a fara tantance harajin da zai biya albashi, da wanda zai yanka shi, da wanda zai raba. Hausawa dai sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.