Sulaiman Basha Bafaranshe: Barden Napoleon da Ya Gina Sojan Masar

Sulaiman Basha, wanda sunansa na yanka Joseph Anthelme Sève, hafsan sojan doki ne haifaffen Faransa da ya ƙare rayuwarsa yana babban janar a Masar. An haife shi a birnin Liyon a 1788, ya rasu a Alƙahira a 1860. Abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne horar da rundunar zamani ta farko a Masar, wadda ta kai ga girgiza Daular Usmaniyya ta Turkiyya.

Tun yana yaro ya shiga sojan ruwa, aka yi yaƙin Tarafalga da shi a 1805. Daga baya ya koma sojan doki, ya bi Napoleon har Rasha a 1812. Da mulkin Napoleon ya rushe a 1815, sai ya tsinci kansa cikin tarin hafsoshin da sabuwar gwamnati ba ta da bukata da su. Ya taɓa kasuwanci bai ci riba ba, ya tattara ya nufi Masar a 1819.

Ya isa a kan gaɓa. Mai mulkin Masar, Muhammadu Ali Basha, ya gaji da sojojin haya masu taurin kai, yana neman runduna mai bin oda irin ta Turai. Aka tura Sève Aswan, can kudu nesa da idon Alƙahira, aka ba shi samarin Mamluk, wato bayin da ake renonsu don aikin soja, ya mayar da su hafsoshi. Aikin bai zo da sauƙi ba. Matasan sun saba da sukuwa da sara, suna ganin ƙasƙanci ne baƙo, wanda ba Musulmi ba, ya jera su sahu yana daka musu tsawa. An ruwaito cewa wata rana ana atisayen harbi, wasunsu suka saita shi, harsashi ya wuce ta gefen kunnensa. Bai gudu ba, bai kai ƙara ba. Ya yi musu faɗa a kan rashin iya saiti, ya tsaya a gabansu ya ce su sake harbawa. Daga ranar aka ce girmansa ya shiga idonsu. Bayan haka ya musulunta, ya ɗauki sunan Sulaiman.

Sai dai rundunar ta ci rayuka tun kafin ta ga fagen fama. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Muhammadu Ali ya kai wa Sudan yaƙi a 1820 shi ne kamo bayi da za a sa wa kaki. An koro dubbai zuwa Aswan, amma cuta da wahalar hanya suka kashe mafi yawansu. Daga 1822 aka juya kan manoman Masar, ana ɗibarsu daga ƙauyuka da ƙarfin tsiya. Tsoron kamun ya kai wasu suna yanke yatsa ko lalata ido don kada a tafi da su. Waɗannan talakawa ne Sulaiman da abokan aikinsa suka koya wa fareti, riƙon bindiga da tsayuwa a gaban wuta.

Ya raka Ibrahim Basha, ɗan Muhammadu Ali, yaƙin Girka, inda ya samo matarsa Maryam. Daga 1831 suka shiga Sham: Akka ta faɗi a 1832, kuma kafin shekarar ta fita sojan Masar ya fatattaki na Sarkin Daular Usmaniyya a Koniya, cikin ƙasar Turkiyya kanta. Ranar 24 ga Yuni 1839 aka sake gwabzawa a Nizib, Sulaiman yana shugaban hafsoshin Ibrahim. A ɗaya ɓangaren akwai wani hafsa ɗan Furusiya, Helmuth von Moltke, mai ba Turkawa shawara, wanda daga baya ya jagoranci sojan da ya ci Faransa a 1870. Masar ce ta yi nasara a ranar.

Nasarar ba ta daɗe ba. Ingila da ƙawayenta suka sa baki a 1840, Masar ta janye daga Sham, aka kuma ƙayyade sojanta zuwa mutum 18,000.

Zuriyarsa ta shiga gidan sarauta. 'Yarsa Nazli ta auri Sharif Basha, wanda ya riƙe firaministan Masar, jikarsu Nazli Sabri kuma ta auri Sarki Fu'ad, ta haifi Sarki Faruk. Bayan juyin mulkin 1952 an sauya wa titin Sulaiman Basha da ke tsakiyar Alƙahira suna zuwa Tal'at Harb, aka mayar da mutum-mutuminsa gidan tarihin soja. Kabarinsa yana unguwar Tsohuwar Alƙahira.